Watandar Tayoyi a Siton Ƙungiyarmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Taimakon Makiyaya ta Bakin Tafki,
Ofishin Ƙungiya, Yelwa.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan kana lafiya, iyali suna lafiya, motar ofis ma tana lafiya da tayoyinta huɗu iri ɗaya.

Ni ne Garba Umaru, malamin dabbobi mai kula da rugagen bakin ruwa daga Wara zuwa gaba. Ka san ni ko da ba ka riƙe sunana ba. Ni ne wanda ya shigo ofis ranar Litinin yana ɗingishi, aka miƙo masa takardar tuhuma tun bai samu wurin zama ba. Takardar ta ce in bayyana dalilin da ya sa allurar rigakafin ciwon huhu ta lalace a hannuna. To ga amsata. Na liƙa ta a allon sanarwa inda kowa zai gani, domin sau uku ina rubuto maka a rufe, kuma ina kyautata zaton har yau a rufen suke.

Na farko, yadda aka raba tayoyi.

Ƙungiya tana da babura biyu iri ɗaya. Ɗaya yana hannuna, ɗaya yana hannun Malam Shehu, wanda aikinsa duba dabbobi a kara da mayanka, duk a cikin gari, kan kwalta. Farkon daminar bana tayoyinmu suka cinye, ka yi mana kirki ka sa aka sayo sababbi guda huɗu. Kuma wanda ya sayo su ya san abin da yake yi, Allah ya saka masa. Ya kawo biyu masu manyan haƙora, irin na shiga laka, gaba da baya. Ya kawo biyu masu ƙaramin zane, sumul da su, irin na kwalta, su ma gaba da baya. Ko makaho ya shafa ya san masu haƙoran na mai shiga daji ne, sumul ɗin kuwa na ɗan gari.

Sai kayan suka faɗa hannun Malam Bawa mai sito.

Ranka ya daɗe, ba ni da abin faɗa a kan amanar Malam Bawa. Kowa ya san duk Sallah shi ke yin kason watanda a unguwarsu, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi ƙorafi ba. In aka yanka sa, kowane kashi sai ya samu hanta, ya samu ƙashi, ya samu kitse, ko jela sai ya yanka ta gunduwa-gunduwa ta kai ga kowa. Wannan baiwa ce ya kawo mana cikin sito. Ya ɗaga taya mai haƙora ya ji ta fi nauyi, ya ga in ya ba ni biyun ya zalunci Malam Shehu. Sai ya ba ni mai haƙora a gaba, sumul a baya. Ya ba Malam Shehu sumul a gaba, mai haƙora a baya. Ya ɗauko jan fenti ya rubuta wa kowace taya lambar babur ɗinta, ya shafa addu'a.

Na yi masa bayani a tsaye, na yi masa a zaune. Abin da ya ce mini shi ne: "Malam Garba, ni adalci niy yi. In ka kwashe tsoka duka, shi Shehu mi za ya ci? Ba ni zuwa gaban Allah da hakkin taya." Tunda mutumin ya kawo lahira cikin zancen roba, sai na tura babur na fita.

Na biyu, halin da babur ya shiga.

Tun ranar da aka ɗaura su, gaban babur ɗina da bayansa ba su ƙara shiri ba. A kan kwalta tayar gaba gurnani take yi, kan babur yana karkarwa, kafin in isa Wara hannuwana sun yi tsami har ba na iya riƙe kofin shayi. In na sha kwana sai in ji gaban yana lilo kamar yana shawara. Da na sauka kwalta na shiga laka kuwa sai su yi musayar hali. Ta gaba ta kama ƙasa tsam, ta san inda za ta. Ta baya kuma ta tsaya wuri ɗaya tana juyawa, tana watsa mini taɓo har ƙeya, in ta ga dama ta zagayo gefe ta duba abin da ta gaba take ciki. Ɗanlami mai faci, da na kai masa ya duba ko iska ce ta yi yawa, ya zagaya babur ɗin sau biyu ya ce, "Malam, wanga ba aikin iska ba ne. Wa yah haɗa maka wanga aure?"

Malam Shehu ma bai tsira ba, ko da yake shi mai kunya ne, ba zai faɗa ba. Tayarsa ta baya tana cin kwalta, kwalta tana cin ta, haƙoran sun fara zubewa ba su taɓa ganin laka ba. Kujerar tana jijjiga shi daga gida har mayanka. Uwargidansa ta hau sau ɗaya za su gaisuwar rasuwa, da za su dawo ta ce ya tafi abinsa, ita za ta biyo ɗan acaɓa.

Mafita a fili take. Ya ba ni tayarsa ta baya, in ba shi tawa. Aikin da Ɗanlami zai gama kafin a sauke shayi. Amma dokar ƙungiya ta ce ba a cire ko da ƙusa daga wani babur a kai wani sai da sa hannun Shugaba, kuma ga jan fenti yana shaida. Ba na ƙin dokar, na san abin da ya kawo ta. Sa hannun ne dai na nema sau uku.

Na uku, faɗuwar farko.

Ka san bana an ji shanu suna tari a tsallaken ruwa, shi ya sa ƙungiya ta samo allurar ciwon huhu. Ka kuma san ba ta jure zafi, a cikin kula ake ɗaukar ta da ƙanƙara, in ƙanƙarar ta narke kwalaben suka ɗumama, to ruwa kawai kake ɗauke da shi. Na shirya da Ardo Buba, wanda rugage shida suke jin maganarsa, cewa zai tara mini shanu a tudun da ke bayan fadamar shinkafa.

Ranar an kwana ana ruwa. Na bi kwalta lafiya, in ban da karkarwar da na saba. Ina shiga fadama, daidai inda mata suke cirar ciyawa, na ɗan murɗa totur don in haye wani ɗan kwari. Tayar gaba ta haye. Ta baya ta ce ba da ita ba, ta wulwula, babur ya juya ya fuskanci Yelwa, ni kuma na kwanta a gonar mutane da rigar aiki, ƙafa ɗaya a ƙarƙashin salansar babur. Kula ta buɗe, kwalabe suka watse cikin laka, wasu suka fashe. Matan sun yi mini sannu, wannan gaskiya ne, amma sai da suka gama dariya tukuna. Wata tsohuwa har ta tambaye ni ko dashe na zo taya su. Ƙunar salansar tana nan a ƙwaurina, duk wanda ke cikin kwamiti da yake son gani zan ɗage masa wando.

Na huɗu, tafiya ta biyu, wadda aka tuhume ni a kanta.

Na je na ba Ardo haƙuri, muka sa wata rana. Wannan karon na yi wayo, na ce ba zan hau ba a wurin laka, turawa zan yi. Na ɗaure kula da igiya uku. Abin da ban lissafa ba shi ne, babur mai sumul a baya ko turawa ake yi zamewa yake, ga kaya a kansa. In na kunna shi ya taimaka mini, sai baya ta haƙa rami ta zauna a ciki. Tafiyar da nake yi kafin hantsi ta ɗauke ni har bayan azahar. Sau biyu ina tsayawa in taɓa jikin kula in ji sanyinta yana raguwa, in ci gaba da turawa ina karanta duk addu'ar da na haddace.

Da na isa, na tarar da shanu cike da tudu. Tun asuba aka hana su fita kiwo, suna ta kuka, maruƙa sun galabaita, mutane sun tsaya da igiyoyi a hannu. Na buɗe kula a gaban Ardo. Kwalabe suna iyo cikin ruwan ɗumi.

A nan zan bar wasa kaɗan, ranka ya daɗe. Da na so, da na zuƙa na yi ta tsira musu, ba mai sanin bambanci, in dawo in cike takarda a yaba mini. Ban yi ba, domin in ciwon ya shigo bayan haka, ba ni kaɗai za a daina yarda da ni ba, allurar ce gaba ɗaya. Shekaru na yi ina zama kan tabarmar mutanen nan, ina shan nononsu, ina yi wa tawa saniyar allura a gabansu, kafin su yarda in taɓa dukiyarsu. Na faɗa wa Ardo gaskiya. Ya kalli ruwan nan ya ce, "Malam, mun hana dabba ci saboda kai. Ruwa na tahowa, jibin kasuwa muna tashi. In ka taho kahin nan, to. In ba ka taho ba, kak ka sake aiko muna." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko faɗuwar fadama ba ta kai ta ba. Na dawo ina jin haushin kaina, da na Malam Bawa, da naka kaɗan, Allah ya ba ka haƙuri.

Washegari na shigo ofis don in roƙi sa hannu karo na huɗu, aka tarbe ni da takardar tuhuma. Na yi mamakin saurinta. Ashe akwai biro a ofishinka, kuma yana rubutu.

Na biyar, abin da nake roƙo.

Ɗaya, a sa hannu mu yi musayar tayar baya ni da Malam Shehu. Ba a sayen komai, ba a zubar da komai, fenti kawai za a goge a sake rubutawa. Na yi alkawarin kawo kananzir ɗin gogewa daga gidana.

Biyu, a fitar mini da sauran allurar da ke firjin ofis, da ƙanƙara mai kyau, ba irin wadda ake saye wurin mai zoɓo ba.

Uku, kada a taɓa Malam Bawa. Mutumin kirki ne, kuma ni ma ina cikin watandarsu ta bana, ba na so a samu matsala a kashina. A dai gaya masa cikin lalama cewa in an kawo takalman ruwa na ma'aikata, kamar yadda muka ji ana shiri, ya bar kowa da ƙafa biyu masu lamba ɗaya.

Huɗu, in kwamiti yana shakkar bayanina, ina gayyatar duk wanda aka zaɓa ya zo in goya shi zuwa fadama. Ya sa tsofaffin kaya.

Saura magana ɗaya, kuma gara ka ji ta daga bakina. Ruwan tafki yana hawa kullum, tudun da shanun suke ya fara zama tsibiri, kuma kwana huɗu suka rage Ardo ya tashi da mutanensa. In suka tashi ba allura, za su bi ta mashayar da shanun tsallake suke sha, ni kuma ba zan sake ganin su ba sai rani. Saboda haka ranar jajiberin kasuwa, bayan sallar la'asar, ni da Malam Shehu za mu kai baburanmu rumfar Ɗanlami, nan ƙofar ofis inda tagarka take kallo. In sa hannu ya fito kafin lokacin, alhamdu lillahi, mun bi doka. In bai fito ba, za mu kwance tayoyin duk da haka, da rana tsaka, kowa yana gani. Malam Shehu ya ce in rubuta cewa ni na matsa masa, to na rubuta, kuma gaskiya ne.

Na san wannan zai jawo takardar tuhuma ta biyu. Don kada a wahalar da mai buga takardu, na riga na rubuta amsarta, tana manne a bayan wannan, kwanan wata kawai za a cike. Tun da na fara aiki ban taɓa saɓa dokar ƙungiya ba, kuma ba da jin daɗi zan fara da furfura ba. Amma in an ce in zaɓa tsakanin tsayawa gaban kwamiti da laifin sauya taya, da barin shanun mutanen da suka yarda da ni su tafi haka nan, to a shirya mini kujera a gaban kwamiti.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi maka jagora a shugabancin da ya ɗora maka, ya tsare ka daga santsin hanya da na ofis. Allah ya kare dukiyar makiyayanmu, ya sa mu gama damina lafiya.

Wassalam, daga ma'aikacinka mai biyayya har zuwa la'asar ɗin jajiberin kasuwa,

Garba Umaru,
Malamin Dabbobi, shiyyar Wara.