Kwarashin Baba Mati

Zuwa ga jikata Raudatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya baƙuntar Indiya? Mu nan Shanono lafiya lau, gero ya kai gwiwa, kakarki Kulu tana gaishe ki.

Tun ina yaro ake raɗe-raɗin wai mahaifina, Baba Mati, a Indiya ya koyo saƙar kwarashi. Wai da aka harbe shi a ƙafa a yaƙin Bama, asibitin mishan aka kwantar da shi, matan can suka koya masa, su ma daga matan Turawan mishan na farko suka gaje ta. Ban yarda ba, don mutumin da ya ce ya hau giwa ba sirdi, ai sai a riƙa tace zancensa.

To, yanzu maganar ta yi tsami. Sha'aban, ɗan maƙwabcinmu da ya dawo daga birni da lasifikar wa'azi, yana cewa hulunan gidanmu saƙar mishan ce, wanda ya kawo ta kuwa sai an binciki addininsa. Mata shida sun ajiye kwarashi. Ni ma na daina tsayawa a sahun gaba. Tunda asibitin yana garinku, ki leƙa mini. Duk abin da kika gani kada ki ɓoye.

Kakanki,
Abdulmumini

Raudatu jikar albarka,

Ina gaishe ki, da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Hoton da kika ɗauko a bangon asibitin ya iso ta wayar ƙaninki Uwaisu. Baba ne, har da wannan kunnen namu! Ƙafa a naɗe, kwarashi a hannu, carbi a wuya. Kin ce an rubuta a ƙasa: sojan da ya ƙi cin abinci sai da aka juya gadonsa ya dubi alƙibla, wadda a can yamma take. Ashe sana'ar ya karɓa, ya bar musu littafinsu.

Na nuna hoton bayan Juma'a. Sha'aban ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hular kansa ya juya ta. Saƙar Kulu ce. Ya mayar da ita a kansa. Matan sun koma aiki, ni kuma na koma sahuna.

Batun giwa dai har yanzu ina tantama. Amma labarin kwarashi, na manta wanda ya fara ba ni. Wadda ta ba ni na ƙarshe ke ce, Raudatu.

Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Kakanki,
Abdulmumini ɗan Mati