Citta ko Kanumfari a Bayan Labule

Zuwa ga Nilanjan, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan rufin shagona, mangwaron da na sa wa ido tun yana ɗanye. Zuwa ga mai kunnen zinariya na Kolkata kaf, in ji waɗanda ba su san abin da na sani ba.

Gaisuwa mai yawa da bege mai ƙuna. Yau kwana goma sha tara ban ji takunka a matakalar shagona na gyaran lasifika da ke kasuwar Chandni ba. Nakan ajiye gam da burushi in kasa kunne, sai in ji ashe mai tallar kifi ne. Wayyo ni Kaberi! Wace irin zuciya aka ba ni, da take marmarin bakin da ya tozarta ta?

Ka tuna ranar? In ka manta, ni ban manta ba. Lahadin da 'yan ƙungiyarku ta masu sauraron kiɗa suka cika falon shugabanku da kuke girmamawa da kiran Ghoshal-babu, ina tsugune bayan lasifika ina ɗaura waya, baƙon nan daga Delhi ya nuna ni da haɓa ya tambaya ko wace ce. Shekara huɗu, Nilu! Shekara huɗu ina cire maka ƙayar kifi da yatsuna, sai ka buɗe baki ka ce, "Wannan? Mai liƙa mana takardar lasifika ce." Bai ishe ka ba, sai da ka ƙara: "Ai mata ma lasifika ne, babban yaya. Akwai mai yana, akwai mai maganaɗisu. Wannan tamu ta bikin unguwa ce, ko daga bene ka jefo ta za ta miƙe tana ƙara." Suka bushe da dariya, har Ghoshal-babu ya ƙware da shayi. Ni kuwa na ci gaba da ɗaure wayata.

To masoyina, na karɓa. Ni mai maganaɗisu ce: mazurarin takarda, naɗin waya, da ƙarfe mai nauyi a baya. In na yi magana ƙirji ne ke ji. A baɗe ni da ƙura, a yaga ni, ɗan gam ya ishe ni in koma aiki. Kai kuma ai mai yana ne, ɗan gata! Fatar da ta fi ɓawon albasa sirantaka, an miƙe ta tsakanin faranti biyu masu huji, ba ta motsi sai an cika ta da wuta. Da ita ake jin numfashin mawaƙiya kafin ta buɗe baki, da zamewar yatsa a kan tsirkiya. Kai, akwai daɗi! Amma sai mutum ya zauna a tsakiya cif, ya karkata kaɗan daɗin ya gudu. Kuma wa ya fi ni sanin halinta in laima ta shige ta? Muryarta ta dushe, ta yi ta ƙas-ƙas, sai an ɗauko ta an kawo mini.

Haka kai ma aka kawo mini kai. Yammacin da aka tsuge da ruwa har motoci suka tsaya, ka shigo a jiƙe, ba ka daɗe da tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da kai wata guda ba. Ka ɗora mai yana ta sawa a kunne, wadda na gyara maka, ka saurara, ka cire, ka ce gyaran bai yi ba, saman sautin ya mutu. Na sa a kunnena na ji shi garau, kowace 'yar ƙararrawa tana fita. Ka dubi fuskata ka gane. Ka kifa kanka a cinyata kana kuka kamar an aiko maka da rasuwa: "Kaberi, ki rufa min asiri, in suka sani na ƙare." Ban taɓa sonka kamar ranar ba, kuma ban ji kunyar faɗa ba.

A nan muka ƙulla. Duk Lahadin da aka ja labule aka ɓoye lasifikun don a gwada kunnenka, ni ke miƙo shayi. In ka ji citta, mai maganaɗisu ce ke yi. In ka ji kanumfari, mai yana ce. Shekara biyu kana lumshe ido kana ɗaga yatsa, harshenka na aiki, kunnenka na shan tafi. Masu shaguna suna rububin kawo maka kaya ka sa musu albarka, ni ina wanke kofuna.

Jibi Lahadi, abin ƙaunata. Baƙon Delhi ya dawo, ya gayyato abokansa su ga abin mamaki. Ghoshal-babu ya aiko in zo in haɗa waya, in zaɓi faifai, in dafa shayi kamar kullum. Na kuwa zaɓa. Babu kiɗan tabla, babu wata ganga da za ta daki ƙirjinka ta cece ka. Sarewa ce zalla da siririyar muryar mace, can sama inda kunnenka ya daina leƙawa.

Me nake nema, farin watana? Ba awarwaro ba, ba durƙuso ba. Kafin a ja labule ka miƙe, ka kama hannun nan nawa mai kaushin gam, ka ce musu ga wadda za ka aura. In ka faɗa, citta za ta yi yaji, kanumfari ya yi ƙamshi, har ƙarshen rayuwarmu. In ka yi shiru, ba zan tona ka ba, ni ba mai surutu ba ce. Zan miƙo maka kofi da hannu biyu cikin ladabi, madara da sukari kawai, in koma gefe in kalle ka kana kurɓa kana nema.

Kada ka kira wannan ƙiyayya. Wa ya taɓa sonka haka? Ko wanne ka zaɓa, nawa ne kai: ko ranar Lahadi a gaban jama'a, ko ranar Litinin da babu mai amsa gaisuwarka sai ni. Ƙofata a buɗe take duka ranakun biyu.

Taka jiya, taka jibi, taka har ƙasa ta rufe mini ido,

Kaberi