Tarihin Baffa Sada da aka sa ni karantawa

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Yaya zaman Fatakwal? Yaya jikin Ummi, haƙoran sun fito? Mu nan Jibiya kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Yaya, Baffa Sada ya zo ranar Asabar. An ƙara masa girma a rundunar sojan sama, sai gari ya shirya masa liyafa a filin makarantarmu. Ni aka zaɓa in karanta tarihinsa. Baba ya yi murna har ya kai babbar rigarsa wurin bugu.

Sai da na tsaya gaban jama'a sannan wani soja ya miƙo mini takardar. Ban kai layi na uku ba na ji bakina yana cewa, "Ya tashi maraya, ba shi da kowa sai Allah." Na dubi Baffa, ina zaton zai gyara. Kai kawai ya gyaɗa. Na karanta jiragen da ya tuƙa da ƙasashen da ya je horo, amma babu sunan Baba, wanda ya bar makaranta ya kama dako a Magama don ƙanensa ya yi karatu. Baba yana zaune a layin baya, har da shi aka yi tafi.

Da muka koma gida Baba ya ce, "Muryarki ta fita sosai, uwata."

Yaya, da bakina aka share shi. Ki yi mini addu'a, don har yau na kasa haɗa ido da shi. Inna tana gaishe ku.

Ƙanwarki,
Safiya