Layin Jan Tsumma

Talata, 9 ga Janairu

Zafi. Dutsen Piltri ya yi shuɗi kamar an wanke shi. Lupulo, shukar da ake sa furenta a giya, ta kai ƙarshen igiyoyinta, tana ta leƙen sama ko za ta sami abin kamawa. Tun da mijina Anselmo ya rasu a watan Yuli ban yi wa gonar nan komai ba sai ban-ruwa da naɗe yaɗo a igiya, amma ita ba ruwanta da makoki, girma take kamar ba a yi rashi a gidan ba.

Maite ta zo, yarinyar nan mai dafa giya a bayan dandalin kasuwa, wadda take sayen furenmu duk shekara don ɗaci da ƙamshi. Ta zagaya har layin ƙarshe na bakin rafi, ta ga jajayen tsummokara a jikin turaku. Na gaya mata: alamar Anselmo ce, layin da za a tumɓuke. Daga ƙwayar iri ɗaya da ya tsinta ya raine shi, shekara huɗu, ko suna bai ba shi ba. Bara da ya murza furen ya sunsuna sai ya yatsina fuska. "Wannan ba lupulo ba ce, tsohuwa, ƙamshin sabulunki take yi." Ya ɗaura tsumma. Ciwo ya riga shi kafin ya ɗauko tarakta.

Maite ta ce, ke kuma me kika ji, Doña Delfina? Na ce ni ba na shan giya. Ta yi dariya har da riƙe turke. Wai shekara talatin da takwas ina noman abin da ban san ɗanɗanonsa ba. Ta bar mini kwalbar giya ɗaya a kan tebur. Rashin kunyar yaran yanzu.

Alhamis, 11 ga Janairu

Kwalbar tana firji kusa da cuku. Duk na buɗe sai mu kalli juna.

Lahadi, 14 ga Janairu

Na sha. A kwalbar jam na zuba, don ban iya taɓa kofin Anselmo ba.

Fara ce, launin bambaro. Maite ta ce a fara sunsunawa, kuma kada a yanke wa kurɓar farko hukunci, sai ta uku. Ta farko ɗaci. Ta biyu sanyi kawai. Ta uku sai ga ɓawon burodi, irin wanda mahaifiyata take cirowa daga tanderun ƙasa, da ɗan ƙamshin ciyawar da aka yanka da safe.

Ranar aurenmu Anselmo ya miƙo mini kofinsa, na kurɓa, na ɓata fuska, jama'a suka yi dariya. Ya ɗaga murya ya ce, "Delfina ba ta shan giya." Shi ke nan. Duk inda muka je shi yake faɗa tun kafin a tambaye ni, ya sa a kawo mini lemo. Ban taɓa jin haushi ba, wallahi. Ban dai sake tambayar harshena ba.

Barcin rana ya ɗauke ni a kujerar baranda. Na yi mafarki igiyoyin gonar sun miƙe har kan Piltri, yaɗo yana hawa a hankali, ni kuma ina biye da shi ba takalmi.

Talata, 23 ga Janairu

Na kai jam kasuwa, na biya ta wajen Maite, wai don in mayar mata da kwalba. Ta jera mini ƙananan kofuna a kan katako, daga fari zuwa baƙi, kamar yamma tana sauka.

Jar ta yi mini kama da sukarin da aka ƙona kaɗan a tukunya. Ta alkama kuwa gurɓatacciya ce, na ce mata ba ta tace ba, ta ce haka Allah ya yi ta. Ayaba na ji a ciki, alhali ba a sa ayaba ba. Ta zuma ta cika zaƙi, ta 'yan yawon buɗe ido ce. Baƙar ita na fi tsoro, sai ta zo da laushi, kofi da hayaƙin murhu, kamar bargon ulu a sanyinmu na watan Yuni.

"Hancinki ya fi na maza goma da suke zuwa nan suna shafa gemu," in ji ta. Na ce ki rage daɗin baki, 'yar nan, farashin fure ba zai sauka ba. Ta ce ai ta gwada sa'arta.

Ashe giya ba abu ɗaya ba ce. Ni duk zatona ruwa ne mai ɗaci da maza suke fakewa da shi su daɗe a zaune.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Fabián, ɗana, ya zo da matarsa ya gasa nama. Hannun ubansa gare shi wajen wuta, da taurin kan ubansa. Ya ce da an gama girbi zai kawo tarakta ya cire layin bakin rafi, a sa irin da kowa ya sani. Na ce Maite tana so ta sunsuna shi idan ya nuna.

"Baba ya riga ya yanke, Mama. Aikinsa na ƙarshe ne, ni zan ƙarasa masa."

Shi ma abin da ya rage masa ke nan. Ya zuba mini lemo ba tare da ya tambaye ni ba.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Yau wadda Anselmo ya fi so, mai lupulo da yawa, ipa suke ce mata. Na adana ta don ranar da zan iya. Na ɗauko kofinsa, na wanke, na zauna a kujerarsa. Na ɗauka zan same shi a ciki.

Ɗaci kamar na tauna ɓawon itacen fir. Na yi kurɓa uku, na ƙara ta huɗu don alfarmarsa. Ba na son ta. Ko kaɗan ba na son ta.

Na yi kuka, ban san ko na rashinsa ba ne ko na haushin harshena. Mutum ka kwana da shi ka tashi da shi, abin da ya fi so a duniya ya gagare ka haɗiyewa. Sauran na zuba wa tumatir.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Wannan ba zan gaya wa kowa ba. Maite ta ba ni mai tsami, wadda ta dafa da frambuesa, jajayen 'ya'yan itacen nan da nake yin jam da su, launin ruwan hoda. Irin wadda Anselmo yake kira lalatacciya, yana cewa an manta tukunya a buɗe ne aka rasa yadda za a yi aka sa mata suna.

Ta tsinke mini baki kamar ɗanyen lemo, sannan ta buɗe. Na ji ni a gonar kakata ina yarinya, hannu duk ƙaya, baki ja. Na shanye, na miƙa kofi. Maite ta ɗaga gira. Na ce ki zuba ki daina kallona kamar akuya.

A hanya ina tafe ina jin kamar na ci amanar wani. Kuma ina murmushi. Duka biyun.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Fure ya nuna. Duk kwarin ya ɗauki wannan ƙamshi mai sa barci, har karenmu ya daina haushi, ma'aikata suna hamma tun hantsi. Kowace shekara haka, sai mutum ya riƙa tafiya kamar a cikin ruwa.

Mun je bakin rafi da Maite. Ta tsinki fure, ta murza a tafin hannu har garin nan rawaya ya manne mata, ta rufe fuska da hannuwa. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙo mini nawa. Shekaru ina murza wa Anselmo fure in miƙa masa ya sunsuna, ban taɓa kai hannun hancina da niyya ba. Kankana. Fure fari. Wani abu mai sanyi a baya.

Ta ce in ba ta furen ɗanye ranar girbi ta dafa tukunya ɗaya. "Ki ɗanɗana tukun. In kin ce a cire, ni zan riƙe wa Fabián fartanya." Na ce ta ɗauka, ai dama na zubarwa ne.

Da rana na yi mafarkinsa, karon farko tun Yuli. Yana tsaye a layin, ya ba ni baya, yana ɗaure tsumma, iska tana kwancewa, yana sake ɗaurewa. Na kira shi tsoho, tsoho. Bai juyo ba, amma na san dariya yake, kafaɗunsa suna motsi.

Talata, 5 ga Maris

Girbi. Hannuwana duk kuje, gashina duk ganye. Maite ta kwashi buhunan bakin rafi da gudu kafin rana ta sha su. Gonar ta koma turaku da waya, ana hango dutse ta ko'ina. Tsummokaran kawai suka rage suna kaɗawa.

Lahadi, 17 ga Maris

Itatuwan bakin hanya sun fara rawaya. Ina tsoron giyar layin bakin rafi ta yi daɗi, ina tsoron kada ta yi.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Maite ta kawo giyar da kanta, a tulun gilashi, ta naɗe shi a rigar sanyi kamar jariri. Muka zauna a baranda. Ruwa yana yayyafi, hazo ya rufe rabin Piltri. Ta ce ba ta sa komai mai ƙarfi ba, don furen ya yi magana da kansa.

Launin zinariya mai ɗan duhu. Na sunsuna, sai dariya ta kufce mini. Gaskiyar tsoho. Sabuluna ne, farin nan da nake saya a kantin magani tun ina budurwa. Hancinsa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Kurɓa ta uku ɗacin ya zo a hankali, ya gaishe ni ya wuce, ya bar kankana da sanyin rafi. Ban taɓa shan abin da ya yi mini kama da ni ba sai yau. Ina son ta. Na rubuta a nan don kada gobe in musa.

Maite ta ce to? Na ce shekara talatin da takwas yana shaƙar wannan ƙamshin a wuyana, ban ga ya ɗaura mini jan tsumma ba. Ta ƙware, giya har ta hanci. Sai kuma ta riƙe mini hannu har ruwan ya tsaya.

Ta bar mini tulun. Ta ce furen yana bukatar suna. Na ce kada ki yi gaggawa, ba a ce zai ga baɗi ba.

Asabar, 6 ga Afrilu

Fabián ya bugo, gobe da safe zai zo da tarakta. Na ce to.

Da la'asar na je bakin rafi. Ƙullin Anselmo ne, irin wanda sai da haƙori. Na daɗe a kan kowane ɗaya. Na yi masa magana kaɗan, abin da na faɗa tsakanina da shi ne.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Tsummokaran sun yi datti ne, shi ya sa na kwance na wanke. Shekara guda suna shan rana da ruwa.

Fabián ya shiga gona da tarakta, ya je har ƙarshe, ya tsaya, ya kashe inji. Na hango shi ta taga yana duba turaku. Ya dawo a ƙafa. Sai ya gan su a igiyar shanya, jere, suna ɗiga. Ya tsaya yana kallo, hula a hannu. Na shirya faɗa, na ma tanadi kalmomina tun asuba. Ya shafa ɗaya da yatsa, ya koma ya huɗe mini wurin dankali, wanda ban roƙe shi ba.

Da abincin rana na ajiye tulun a tsakiyar tebur. Ya zuba, ya sunsuna kamar yadda ubansa yake yi, ido a rufe. Ya ce baƙuwa ce. Na ce sai ta uku. Matarsa ta ɗauko kofi za ta zuba mini, sai ya miƙa hannu ga kwalbar lemo, bakinsa ya riga tunaninsa: "Mama ba ta shan..."

Na tura kofina gaban tulun. Ya dube ni, ya dubi kofin, ya zuba rabi. Ban janye hannu ba sai da ya cika.

Tsummokaran za su yi amfani wajen ɗaure tumatir. Ɗaya na ajiye a aljihun rigar Anselmo.