Kashi na Biyu, Ni da Ummi

Gwandu, daren Alhamis, watan Rajab

Gobe bayan an sauko Juma'a dangin uban Ummi za su zo daga Kalgo su tafi da ita. Tun da ɗiyata Balkisu ta rasu na san ranar na tafe. Yarinya ta gidan ubanta ce, ba ni da ta cewa.

Da la'asar Ummi ta kawo mini wayar uwarta, wai mu kalli katun ɗin nan na yara, fim ɗin 'yar akuya, kashi na biyu. Ni kullum raina shi nake yi. Na farkon ya fi waƙa da ban dariya, kuma 'yar akuyar ta koma gida. Ko mai tura fim na kasuwa ya ce ba mai neman na biyun. Balkisu kaɗai ke cewa, "Inna, ai ba ki taɓa kai ƙarshensa ba."

Yau na kai. An kai 'yar akuyar wani garke, ta ƙi ci, ta ƙi wasa, sannan a hankali ta saki jiki. Tsohuwar akuyar da ta raine ta takan zo bakin shinge ta tsaya, ba ta shiga, ba ta kira. Wanda ya shirya wannan ya san rabuwa.

Ummi ta ja zanena. "Inna, mi ya hana ta kiranta?"

Na jawo ta jikina.

Na wanke kayanta, na ninke. Wayar ma gadonta ce, da ita za ta tafi. Allah ka sa ta saba da wuri. Allah ka yafe mini, zuciyata ba ta ce amin ba.