Ni Na Zuba Man A Ruwan Suracen Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga babbar yayarsa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya kawo sauƙin ciwon gwiwar nan da ke damun ki, ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Kawu ya warware, har ya koma faɗan da ya saba da masu ajiye mota a ƙofar gidansa, kin ga kuwa lafiya ta samu. Auta ma, 'yarki da kika ba mu riƙo tun tana shekara uku, ta koma makaranta ranar Litinin. Tana ci tana wasa, numfashinta ya daidaita.

Yaya, sau uku na kira ki a makon nan da niyyar faɗa miki wata magana, sau ukun kuma ina ɓigewa da tambayar ruwan sama da lafiyar maƙwabta. Na ga baki ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauki biro. Maganar ita ce, ba mai ɗakina ce ta zuba man nan a ruwan suracen Auta ba. Ni ne. Duk faɗan da kika yi mata, da hukuncin da kika yanke na turo ƙanin mijinki ya ɗauke yarinyar a ƙarshen wata, a kaina ya kamata su sauka.

Kin san ni da cika baki a kan hancina. Shekara ashirin da biyu ina haɗa turare, masu auna mai da sirinji ma dariya nake yi musu, ina cewa ni hancina ne ma'aunina. To, hancin nan ya mutu, yau wata takwas, tun zazzaɓin da ya kwantar da ni. Ranar da na koma shago na buɗe kwalbar miski na shinshina, sai na ji kamar ruwan famfo. Ban faɗa wa kowa ba. In mai saye ya zo, sai in ɗiga masa a bayan hannu in zuba wa fuskarsa ido. In ya lumshe ido in ce ai da ma na san zai so shi, in ya yamutsa fuska in ce haɗin bai kwana ba tukuna. Idan shago ya yi shiru kuwa, in shige bayan kanta da butar lantarki, in tuttula man na'a-na'a a ruwan zafi in yi ta shaƙa, wai ko hancin zai farfaɗo. A nan hannuna ya koyi zuba mai ba lissafi.

Ranar Asabar ɗin da hantsi Auta ta tashi da mura, hanci a toshe, tana numfashi ta baki. Mai ɗakina ta tafasa ruwa ta juye a babbar roba, ta miƙo mini tawul, ta ce in zaunar da ita ta shaƙi tururin kawai, kada a sa komai, domin ƙirjin yarinyar ba ya son abu mai ƙarfi. Ta fita shanya a bayan gida. Ni kuwa sai maganar ta sosa mini rai, wai ni za a koya wa sha'anin mai. Na ɗauko man na'a-na'a da na kafur, na ɗiga biyu, na sunkuya na shinshina, shiru. Na ƙara, shiru. Na sake ƙarawa. Na fa san hancin ba ya aiki, amma hannun ya saba ba ya tsayawa sai hanci ya ce ya isa. Auta ta ce mini idonta na yaji, na ce ai maganin ne ke aiki, na ja tawul ɗin na rufe mata kai, na kuma dafe shi da hannuna. Wannan dafewar ita ce abin da na kasa yafe wa kaina.

Ba a yi minti biyu ba ta fara tari, numfashinta ya sarƙe yana fita da ƙara kamar usur. Mai ɗakina tun daga wajen shanya ta jiyo ƙarfin man, ta shigo a guje da jiƙaƙƙen zani a hannu, ta fizge tawul ɗin, ta bankaɗe tagogi. Haka ta saɓa yarinya 'yar shekara tara a baya ta yi titi ba takalmi, ni ina biye da su riƙe da mayafinta. Maƙwabcinmu direba ne ya kai mu asibiti. Likita ya ce irin wannan mai ba na yara ba ne, balle mai asma, ko babba ma ɗigo ɗaya ko biyu ya ishe shi. Ya tambayi nawa aka zuba, na sunkuyar da kai na bar tambayar ta wuce.

Sai ga wayarki ta shigo, mai ɗakina ta ɗauka a barandar asibitin. Ina tsaye kusa da ita da ledar magani, ina jin muryarki tar. Kin wanke ta tas, ban kuma ga laifinki ba, uwa ce ke, kina nesa, hankalinki a tashe. Amma da kika ce wadda ba ta haihu ba ba za ta san zafin ɗa ba, na ga ta dafa bango. Ta dube ni sau ɗaya, ta kawar da kai, ta ce ki yi haƙuri, kuskure ne. Kalma biyu kawai ake nema daga gare ni, in ce ni ne. Na yi tsuru-tsuru ina karanta takardar magani kamar na iya rubutun likita, domin in na ce ni ne, sai an tambayi yadda mai turare ya kasa jin abin da aka jiyo daga bayan gida. Wallahi Yaya, ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Shekaranjiya na daure na zaunar da mai ɗakina zan tona kaina, ta ce in huta, ta daɗe da sani. Wai tun ranar da tukunya ta ƙone ƙurmus a kicin, hayaƙi ya cika falo, ni ina zaune ina yankan farce ko a jikina. Shi ya sa take zuwa shago da rana da sunan kawo mini abinci, ta bi sababbin haɗi tana shinshinawa tana cewa wannan kamar ya yi ƙarfi, ni kuma ina ɗauka surutun mata ne. Ta roƙe ni kada in rubuto miki, ta ce in magana ta fita shagon ya mutu, ta gwammace ki riƙe ta a rai da ta ga na zauna a gida. Na saɓa mata a wannan. Jiya ma na faɗa wa abokin sana'ata na kusa, na sayi sirinji, na kuma karɓi katin ganin likitan hanci. In masu saye sun gudu, sun gudu.

Ba na roƙon ki bar mana Auta don ni, ban cancanta ba. 'Yarki ce, in kin ce a kawo ta ni da kaina zan rako ta. Abin da nake roƙo, ki kira matar nan kafin ƙarshen wata, ki janye kalmar da kika faɗa mata. In kuma za ki ɗauke yarinyar, ki gaya mata da bakinki cewa saboda ni ne, ba don ta gaza ba.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da babban ɗanki da matarsa, da 'yan biyu, da Gwaggo in kin leƙa ta. Kawu yana gaishe ku. Auta ta ce a ce miki ta iya ɗaure igiyar takalminta da kanta.

Mai ɗakina ta riga ta wanke kayan Auta ta goge ta jera a jaka. A saman kayan ta ajiye miki takarda shafi biyu da rubutun hannunta: lokutan maganinta, da sabulun da ke sa ta tari, da yadda ake gane ciwon zai tashi tun kafin ya tashi, da cewa in ta yi shiru tana murza kunnenta to tsoro take ji, a rungume ta kada a tambaye ta. Na karanta daga farko har ƙarshe. Shekara shida muna gida ɗaya da yarinyar nan, Yaya, ban san ko guda daga ciki ba.

Wassalam.

Ƙaninki mai neman gafararki.