Gulob ɗin Agwagina

Daren Asabar, Gwammaja, daminar farko bayan saukar soja

Wallahi Sabo ya ci darajar yayansa da nake aure, in ba haka ba da yau sai unguwa ta taru a kanmu.

Kusan wata guda ina renon ƙwan agwagwa a akwatin ƙyanƙyasar da kafinta ya haɗa min. Gulob ne ke ba su ɗumi, ni kuma ina juya su, ina yayyafa musu ruwa. Da safe har sun fara tsattsage ɓawo, ina jin kukansu.

Na dawo daga suna a Zaitawa bayan magariba, na tarar da akwatin sanyi ƙalau, babu gulob. Wai na zaure ne ya mutu, ga sabon kansila ya zo godiya, shi ne Sabo ya kwance nawa.

Da na kira shi, har da dariya. “Haba Anti, a kan agwagwa? Kansila fa!”

Mutumin da ko wandonsa ba ya iya wankewa, yau shi ne ɗan siyasa.

Duk sun mutu da baki a waje, sai guda ɗaya mai ɗan motsi. Na cusa shi cikin zani, na ja mayafi, na shiga zauren ko sallama ban yi ba. Kansila na tsaka da yi musu alkawarin wuta. Na taka benci, na naɗe hannu da mayafin, na kwance abina.

Ɗan agwagwata ya fito ɗazu, yana shan ɗumi. Su kuwa su zauna a duhu, su jira wutar kansila.